Nauyin Ruwa: Kwana Biyu a Hamadar Liwa

"Ina rijiyarsu take?"

Tambayar farko ke nan da Inna ta yi mini bayan mun sauka daga mota. Ko alƙibla ba ta tambaya ba sai daga baya. Tana tsaye a farfajiyar otel ɗin, riƙe da butarta da ba ta rabuwa da ita, tana kallon ruwa yana tsartuwa sama daga wani kwami yana komawa ciki, ga jan rairayi ya kewaye mu har iyakar gani.

Ni mutumin Damagaram ne, amma shekara shida ke nan ina aiki a Abu Dabi, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A sanyin bara Inna ta zo wurinmu don a yi mata aikin ido. Da aka gama lafiya, uwargida ta ce ya kamata mu kai ta wani wuri ta sha iska kafin ta koma gida. Yara kuwa dama sun daɗe suna damuna da labarin wani babban otel da ke tsakiyar hamada, inda ƴan ajinsu suka je suka dawo da hotuna. Na lissafa aljihuna, na ga zan iya kwana biyu in na rufe ido. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki hanya mu biyar: ni, da uwargida, da Inna, da ƴata mai shekara 9, da ƙanenta mai shekara 5.

Tafiyar kusan awa uku ce zuwa kudu, zuwa yankin Liwa. Liwa dausayi ne mai ƙauyuka kusan 50 da gonakin dabino, sun yi jerin baka na wajen kilomita 100 a bakin Rub'ul Khali, hamadar da ake cewa babu shimfiɗar rairayi ɗaya da ta kai ta girma a duniya, tana da faɗin murabba'in kilomita kusan 650,000. Daga nan ne asalin Bani Yas, ƙabilar da sarakunan Abu Dabi da na Dubai suka fito. Otel ɗin an gina shi kamar tsohuwar ganuwa, da launin ƙasa, da soraye da zaure. A ƙofa aka tarbe mu da dabino da gahawa. Cikinsa akwai ɗakuna ɗaruruwa, da wuraren cin abinci, da ciyawa shar, da wani tafkin ninkaya wanda ya fi filin ƙwallon lakwal ɗinmu ta firamare kyan gani, ko da bai kai shi girma ba.

Amsar da na ba Inna ita ce, yawancin ruwan da ake sha a ƙasar nan daga teku yake. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai cika kai milimita 100 ba, kuma babu kogi ko ɗaya mai gudana. Sai aka gina manyan masana'antu a gaɓar teku suna tace gishiri, a tura ruwan cikin bututu zuwa garuruwa. Na ƙara mata da abin da ya fi ba ni mamaki: a ƙarƙashin rairayin Liwa ɗin nan, gwamnati ta ɗura tataccen ruwan teku wajen mita kubik miliyan 26, aikin da aka kammala a 2018, an ajiye shi saboda ranar tsiya. An lissafa zai ishi mutum miliyan ɗaya har kwana 90. Wato su zuba ruwa suke yi a rijiya, mu kuwa ja muke yi.

Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah. To Allah Ya sa su riƙa tunawa."

Daren farko da yinin Asabar sun wuce cikin daɗi, ba zan ɓoye ba. Yaron ya hau raƙumi yana ihu, ƴar ta yi ta gangarowa daga tudun rairayi a kan wani allo, mai shaho ya saki tsuntsunsa ya dawo ya sauka a hannunsa. Uwargida, wadda shekara da shekaru ba ta yini ba tare da ta ɗora tukunya ba, ta zauna aka kawo mata shayi. Na ga fuskarta ta saki irin sakin da na manta tana yi.

Da daren Asabar ne abin ya faru, kuma ƙaramin abu ne. Ƴata ta cika bahon wanka har baki, ta zuba sabulu mai kumfa, ta shiga ta yi wasa na ɗan lokaci, ta ce ruwan ya huce. Ta zare marufin ƙasa, ruwan ya tafi, ta sake buɗe famfo. Inna ta shigo yin alwala ta tarar da haka. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya tana sauraren ƙarar ruwan yana zurarewa, sannan ta ce, "Kishiya, kin san bido nawa kika zubar yanzu?" Yarinyar ta ce, "Mene ne bido?" Inna ta juyo ta dube ni. Kallon nan shi ya hana ni barci, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san bido kafin ya san haruffa. Jarka ce ta lita 20 ko 25, yawanci rawaya, wadda a da aka sayar da man girki a ciki. Garinmu a kan duwatsu yake, ƙishirwarsa kuwa ta girmi kakannina. Na san tashin asuba a jera bido a bakin famfon unguwa, na san jiran ƴan ga-ruwa da bazara lokacin da kuɗin kura ɗaya yake ninkawa, na san ruwan wanke shinkafa da ake tarawa a ba akuya. Inna ta ɗauki tulu a kanta har gashin tsakiyar kanta ya ƙare a wurin gammo. A ƙiyasinta, bahon nan bido bakwai ne. Gidanmu na mutum tara yakan yi kwana biyu da hakan in an matse.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dangin Inna na wajen uwa mutanen Kance ne. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace a hanya, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, talauci ya kore su neman abin kai wa baka. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Inna ta je gaisuwa gida-gida. Tun daga lokacin, in aka ce hamada a gabanta, abin da take gani ke nan. Ni kuwa na ɗauko ta na kawo ta hamada yawon shaƙatawa, na biya kuɗi ɗana ya hau raƙumi.

Tambayar da na kwana da ita ita ce: mutumin da ya fito daga ƙishirwa, danginsa kuma suna cikinta har yanzu, ya halatta gare shi ya ji daɗi a wuri irin wannan? In ya halatta, me ya sa zuciyata ta ƙi kwanciya? In bai halatta ba, wa na zalunta?

Uwargida ce ta fara ba ni amsa, muna zaune a barandar ɗaki bayan yara sun yi barci. Ta ce, "Abban yara, ruwan da ƴarka ta zubar, da ba ta zubar ba, Kance zai je?" Gaskiyarta. Ruwan nan daga Tekun Fasha aka ɗebo shi, ba a tare shi daga rijiyar kowa a Nijar ba. Da mun ƙi zuwa, wani ne zai kwana a ɗakin, ya cika bahon. Kuɗin da na biya gumina ne, ban ci na marayu ba, kuma ban fasa aika abin da nake aikawa gida duk wata ba. Addininmu bai haramta ni'ima ba, bai kuma ce talauci ado ne ba. Iyalina suna da haƙƙi a kaina kamar yadda dangina suke da shi. Matar da ta bar ƙasarta ta biyo ni, ta yi shekara shida cikin ɗaki biyu a bene na takwas, kwana biyu na hutu ba su yi mata yawa ba.

Na ƙara wa kaina wata hujjar. Mutanen wannan ƙasa su ma sun sha ƙishirwa. Kakannin masu otel ɗin nan sun rayu da dabino da nonon raƙumi da ruwan rijiya mai zartsi. Da zafi mazansu sukan tafi teku su yi watanni suna nutso neman lu'ulu'u, har sana'ar ta mutu a shekarun 1930 bayan Japan ta fara noman nata. Sunan Abu Dabi ma ana danganta shi da labarin mafarautan da suka bi barewa har ta kai su ga ruwan daɗi a wani tsibiri, wajen 1761. Sai a 1962 aka fara fitar da man fetur, aka kafa ƙasar a 1971. Mutumin da aka haifa cikin bukkar ganyen dabino ya ga jikansa yana ninkaya a tsakiyar Rub'ul Khali. Wane ne ni da zan ce da sun zauna da ƙishirwarsu? Da Damagaram ce ta samu abin da suka samu, da mun ƙi?

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Wilfred Thesiger, wanda ya ƙetare Rub'ul Khali sau biyu a kan raƙumi tsakanin 1946 da 1948 tare da Larabawan ƙauye, ya kuma bi ta yankin Liwa. Daga baya ya yi ta baƙin cikin cewa man fetur da mota sun lalata rayuwar da ya gani. Na daɗe ina jin haushin wannan ra'ayi, domin shi yunwar da ƙishirwar zaɓa ya yi, kuma yana da gidan komawa. Abokan tafiyarsa ba su da wannan zaɓi. Mai son wasu su dawwama cikin wahala don wahalar tana ba shi sha'awa, ba ƙaunarsu yake yi ba. A daren nan na tsorata kada in zama irinsa ta wata fuska: mai zama cikin sanyin na'ura yana jin daɗin baƙin cikinsa.

Domin na lura da wani abu a kaina wanda bai yi mini daɗi ba. Damuwar da nake yi tana da zaƙi. Ina zaune a kujera mai laushi, ina kallon taurari, ina ce wa raina ni ba kamar sauran baƙin otel ɗin nake ba, ni na san wahala, ni ina tuna talakawa. Wannan tunani bai kai ko cokali ɗaya na ruwa bakin kowa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ƙara mini wata ni'ima a kan ni'ima: na ci daɗin wurin, na kuma ci daɗin ganin kaina mutumin kirki. Jin laifin da ba ya motsa hannu, shi ma wani nau'in shaƙatawa ne.

To shi ke nan, babu komai? Da na so in tsaya a nan, amma hujjar uwargida tana da ɓaraka biyu.

Ta farko, ruwan bai zo kyauta ba. Tace gishiri daga teku yana cin makamashi mai yawa, kuma shekara da shekaru iskar gas ake ƙonawa don yin sa. Ragowar ruwan mai tsananin gishiri teku ake mayar da shi. Hayaƙin ba ya tsayawa a iyakar ƙasa. Zafin duniya da ke ƙaruwa yana cikin abubuwan da ke rikita damina a Sahel, inda manomin gero bai taɓa kunna na'urar sanyi ba. Rabon bahon ƴata a cikin wannan ƙanƙane ne ƙwarai, ba zan yi ƙarya in kumbura shi ba. Amma ba sifili ba ne. Akwai igiya tsakanin tafkin Liwa da gonar Kance, ko da siririya ce.

Ta biyu ita ce wadda Inna ta nuna mini da asuba. Na same ta ta idar da salla tana jan carbi, na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yi haƙuri da abin da yarinya ta yi. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, ruwansu ne, su suka san yadda suka samo shi. Ni yarinyar nake ji." Ta ɗaga butarta ta nuna mini. Tun jiya da la'asar ta cika ta, ta yi alwala uku, da saura.

Sai na tuna karatun da aka yi mana a makarantar allo da zaure, cewa an hana almubazzaranci da ruwan alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudana. Tun ina yaro wannan yake ɗaure mini kai. Ruwan da ka zubar a bakin kogi, kogin yake komawa. Ba wanda ya yi asara. To don me aka hana? Sai a Liwa na gane cewa ba kogin ake karewa ba, mai alwalar ake karewa. Hannun da ya saba zubarwa inda akwai, ba zai iya riƙewa ba inda babu. Idon da bai san nauyin abu ba, ba zai gane mai ɗauke da shi ba in sun haɗu a hanya. Almubazzaranci yana da asara biyu: abin da ya zube, da mudun da ke cikin mutum wanda yake auna abubuwa da shi. Uwargida ta yi gaskiya game da ta farko. Inna ta biyun take kuka.

Wannan ne kuma ya fahimtar da ni abin da irin wannan otel yake sayarwa. Yana sayar da hamada wadda aka zare wa ƙishirwa. Rairayin na gaske ne, raƙumin na gaske ne, faɗuwar ranar ta gaske ce, amma duk lokacin da ka gaji akwai ƙofa da za ka rufe. A Tenere, ayarin Abzinawa da ke zuwa Fachi da Bilma ɗauko kantun gishiri, lissafinsu duka na salka ne da nisan rijiya, kuma madugun da ya kuskure hanya ya kashe jama'a. A irin wannan ƙasa ba a hana baƙo ruwa, ko maƙiyi ne, domin kowa ya san gobe shi ne baƙon. Dabinon da gahawar da aka tarbe mu da su a ƙofa daga wannan al'ada suka fito, sai dai a nan suna cikin lissafin ɗaki. Ban ga laifin masu otel ba, kasuwanci suke yi kuma sun iya. Amma yaron da wannan ce kaɗai hamadar da ya sani, zai girma yana zaton hamada wurin wasa ce. Ran da aka ba shi labarin mutum 92, zai ji shi kamar tatsuniya.

A nan ne laifina yake, kuma ya girmi wannan tafiya. Ƴata ta kai shekara 9 ba ta san bido ba. Sau biyu kacal na kai ta gida, kuma duk biyun na saya mata ruwan roba, na hana ta zuwa famfon unguwa kada rana ta dake ta. Ina cewa kare ta nake yi. Na yi ta fama don kada ƴaƴana su sha abin da na sha, kuma ban yi nadamar wannan ba. Sai dai a garin raba su da wahalar, na raba su da sanin masu wahalar, waɗanda ƴan uwansu ne na jini. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da babu komai na gida a cikinsa, da me zai jawo zumunci in mun kau?

Abin da na tsayar a raina, ba fatawa ba ce, ra'ayin mutum ɗaya ne. Lissafi biyu ne, kuma kuskure ne a cakuɗa su. Na farko, abin da ke kaina game da masu ƙishirwa. Wannan ba a biyansa da ƙin shiga tafki ko ɓata fuska a wurin cin abinci. Ana biyansa da abin da zai isa can: kuɗin kurar ruwa, gyaran famfon da ya lalace, hannu a aikin rijiya. Na kwatanta kuɗin kwana biyun nan da abin da Inna ke ba ƴan ga-ruwa, na ga ya haura na shekara guda. Wanda ya iya fitar da wancan don nishaɗi, ba shi da bakin cewa ba shi da halin wannan. Na biyu, abin da ke kaina game da kaina da ƴaƴana: kada ni'ima ta fasa mana mudu. Wannan kuwa ko nawa na aika gida bai biya shi ba. Mutum yana iya gina rijiya goma ya kuma tashi da ƴaƴan da ba su san a rufe famfo ba.

Na san akwai mai cewa na sama wa kaina mafita ce mai sauƙi: in ci daɗi, in yi sadaka, in yi wa yara wa'azi, in koma. Ban da cikakkiyar amsa gare shi. Akwai mutanen da suka fi ni, waɗanda da sun ɗauki kuɗin duka sun aika, su gaya wa yara babu zuwa. Ina girmama su. Amma na ga fuskar uwargida a yammacin Asabar, na kuma ga Inna da idonta sabon aiki tana ƙirga taurarin da ta ce ta yi shekaru ba ta gani ba, har ta nuna wa jikanta Kaza da Ƴaƴanta. Ba zan iya kiran wannan asara ba.

Ranar Lahadi da safe, kafin mu bar ɗaki, Inna ta bi ta tattara robobin ruwan da muka sha muka rage, ta juye su a wuri ɗaya, ya cika babbar roba ɗaya da rabin butarta. Ta miƙa wa ƴata robar ta ce, "Kishiya, ɗauki, ke za ki kai mota." Daga ɗakinmu zuwa inda aka ajiye motoci da ɗan nisa. Wani ma'aikaci ya zo da keken kaya zai karɓa, Inna ta ɗaga masa hannu. Yarinyar ta sauya hannu sau uku a hanya. Da muka isa ta ce, "Inna, bido ya fi wannan nauyi?" Inna ta ce, "Irin wannan goma sha biyar, da ɗoriya." Yarinyar ba ta ce komai ba. Ban san abin da ya shiga ranta ba, kuma ba zan yi da'awar cewa ta sauya daga ranar ba, yaro yaro ne.

Mun yi shawara da uwargida cewa hutun bana a Damagaram za a yi shi, kuma da bazara, lokacin da layin famfo ya fi tsawo. Yaran sun riga sun fara tambaya ko akwai tafkin ninkaya a can. Na ce musu akwai abin da za su gani.

Allah Ya ba mu ikon gode wa ni'ima, Ya jiƙan waɗanda ƙishirwa ta ɗauke a hanya.